Kafin a Yanka Bayan Rabi'a

Ni na fara ganin wannan abu a garin Lafiya, tun kafin a yaye likitocin da yanzu suke faɗinsa da Turanci ana gyaɗa musu kai. Na faɗa a kasuwar doya, na faɗa a tasha, na faɗa a wajen suna da wajen zaman makoki, har ta kai in na doso majalisa sai ka ji ana cewa, "Ga Baba Ashemi nan, ku matsa, yanzu zai ɗaga riga." Ina kuwa ɗagawa. Tabon da ke bayana nawa ne, ba aronsa na yi ba. Maganar da nake yi ɗaya ce tal: wanda ya shiga tiyata da tsoro a cikinsa, da tsoron za a ɗinke shi, kuma bayan nama ya warke tsoron nan zai ci gaba da cizonsa. Ban yi boko ba. A bayana na karanta.

Ga yadda aka yi. Sama da shekara talatin ke nan, ina bin babbar mota muna kai doya Arewa, motar ta kife da mu a gangaren nan na hanyar Akwanga. Doya ta danne ni, baya ya tashi aiki. Aka kwashe ni sai wani asibitin mishan can Filato. A gida ba wanda ya sani, don lokacin ba waya a aljihun kowa. Suna zaton ina Kano ina sauke kaya.

Gadon da ke jikin nawa wani tela ne ɗan Doma, sunansa Abdulrahaman, shi ma baya za a yanka masa. Nasa ma bai kai nawa lalacewa ba, likitan da bakinsa ya faɗa. Amma shi ɗan dangi ne. Ana gobe aiki sai ga rabin Doma a ɗakin. Suka yi layi, kowa ya durƙusa a bakin gado: "Ka yafe mini, na yafe maka duniya da lahira." Mata na sharɓar majina. Kawunsa ya sunkuya yana tambayarsa wa zai bar wa keken ɗinki. Wata tsohuwa ta zauna ta ba shi labarin maƙwabcinta da aka yanka, wai har ya mutu a kwance ake juya shi. Kafin su tafi, ƙarfen gadon Abdulrahaman kaɗawa yake yi don rawar jiki. Ni kuwa ba wanda ya zo mini. Damuwata ɗaya, nas ta hana ni tuwo.

Aka yanka mu. Ni na tashi na koma ɗaukar doya. Shi kuwa aka yi ta ɗaukar hoton bayansa, likitoci suna cewa komai ya haɗe, amma mutumin nan a dunƙule ya ƙare rayuwarsa, da matashi a hammata duk inda za shi. Bai sake hawa keken ɗinki ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Wannan labari na ba da shi ya fi a ƙirga, kuma dariya ake yi mini.

To, bara sai abin ya shigo gidana. Rabi'a, 'yata ta huɗu, tana aure a Azuba. Gumi take yi: ta jiƙa shanshera, ta turara a duro, ta kwashe ta shanya. Jiƙaƙƙiyar shinkafa kuwa nauyinta ya fi na doya mugunta. Baya ya fara, ciwon ya gangara ƙafar hagu, har ta koma jan ƙafar. Likita ya ce wani abu ne ya zame tsakanin ƙasusuwa ya danne jijiya, sai an yi aiki.

Mijinta Abdulnasir, mai shagon taki, ya zo ya tsuguna a gabana.

"Baba, an sa rana. Amma sun ce kafin nan sai ta riƙa zuwa wajen wata likitar tunani suna zaman magana."

"Magana? Bayan ne zai yi maganar?"

"A'a, Baba. Wai sun lura waɗanda ke shiga aiki da fargaba sun fi fama da ciwo mai daɗewa daga baya. Ka ji ikon Allah! Ilimi ya yi nisa."

Ya faɗa yana buɗe ido, kamar wanda ya ga sabon wata. Na dube shi na ce:

"Abdulnasir, ranar da ka zo gaisuwar neman aure, me na ba ka labari?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ɗaga maka riga ba?"

"Ka ɗaga, Baba."

"To, ni da na faɗa surutun tsufa ne, ita da ta faɗa ilimi ne ya yi nisa? Tashi ka ba ni wuri."

Ina nan ina shirin zuwa in ga matar da ta kwashe maganata, sai ga saƙo wai ita ma tana son ganina, Rabi'a ce ta ce a kira ni. Na ce yawwa, ashe ta san inda ta samo.

Sunanta Madam Doose, 'yar Tibi ce, 'yar ƙarama da tabarau. Ɗakinta ba allura, ba ƙwaya, kujeru ne kawai da fanka. Rabi'a na zaune a gefe da matashi a bayanta, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Ban jira an tambaye ni ba, na ɗaga riga. Zan faɗi gaskiyarta: ta duba tabon nan da kyau, ta kuma saurari labarin tun daga kifewar mota har mutuwar tela, ko sau ɗaya ba ta taɓa wayarta ba. Da na gama sai ta dubi Rabi'a, Rabi'a ta gyaɗa mata kai.

"Baba," in ji ta, "ka san abin da Rabi'a ke gani in ta rufe ido? Ba mutuwa ba ne fa. Telan nan na Doma ne."

Na ce, "Wane tela?"

Rabi'a ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun ina ƙarama nake jin sa, Baba. Ranar da likita ya ce aiki, shi na fara gani da matashinsa."

Jama'a, ku ji mini wannan! Labarina mutum biyu ne a ciki, ɗaya ya tashi, ɗaya ya dunƙule. Wanda ya tashin ubanki ne, jininsa ne a jikinki. Sai ki tsallake ubanki ki je ki rungumi telan Doma da ba ki taɓa gani ba? Haka na faɗa musu, kuma da ƙarfi na faɗa, har wani ya leƙo ta taga.

Madam ba ta girgiza ba. Ta ce, "Baba, kai a labarin, an yanka ka, ka tashi, shi ke nan. Kamar an yi maka aski. Rabi'a ta san ita tana jin zafi, tana jin tsoro, to sai ta ce ita ba irinka ba ce, irin telan ce. Abeg, don Allah ka gaya mata. Da gari ya waye bayan aikin, yaya ka ji?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ba ɓoyewa na yi ba, tambaya ce ba a yi ba. Tunda an yi, sai na ba su. Na ce kamar an sa ƙarfe a wuta an kwantar mini a gadon baya. Na ce wata ƙatuwar nas ta zo ta ce in tashi in taka, na zage ta da Barbarci don kada ta gane, ta ɗaga ni duk da haka. Bango na riƙa bi kamar ƙadangare. Yau in kai ƙofa, gobe in kai bakin famfo, wata rana in kasa in koma. Aka yi watanni. Har yau in hadari ya haɗu, bayan nan sai ya gaishe ni. Amma na gane gaisuwa ce, ba karyewa ba ce, sai in amsa masa in ci gaba da tafiyata.

Rabi'a ta zuba mini ido. "Baba, kai ma ka yi kuka?"

"Ban yi kuka ba. Ido ne ya yi ruwa."

Sai ta tuntsire da dariya, tana riƙe ƙugu tana cewa wayyo. Rabona da jin dariyarta tun kafin damina.

Daga nan suka ci gaba da zamansu, mako-mako. Madam ta ce mata ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira take yi ba, kuma ba ta yi mata alkawarin zai tafi ƙaf ba. Ta koya mata jan numfashi a hankali in ƙirji ya fara bugawa. Ta koya mata in tunanin "shi ke nan na nakasa" ya zo, ta tsayar da shi ta tambaye shi wa ya gaya masa. Suka tsara yadda za ta riƙa takawa bayan aiki, kaɗan-kaɗan. Duk abin da na yi da bango ne, sai dai ita a kujera ake koya mata. Yarinya ta fara barci, ta fara cin abinci, ta bar matashin a gida.

Ni kuwa abu ɗaya ke raina: yafiya. Na ce wa Madam ta rubuta doka a hana. Ta ce, "Baba, ba ni zan hana al'adarku ba. Rabi'a ce mai jiki, ita za ta zaɓa." Na ce a raina, to ke zauna da fankarki.

Abin da nake gudu kuwa sai ga shi. Ana jibi aiki, labari ya iso ni cewa Goggo Indo, ƙanwar mahaifin Abdulnasir, ta ɗauko shatar bas daga Adogi, ta cika ta da dangi, za su zo su yafi juna da Rabi'a. Abdulnasir ba zai iya buɗe baki a gaban goggonsa ba, na sani. Aikin makonni za a zo a rushe a yini ɗaya, a shigar mini da 'ya ɗakin tiyata gado na kaɗawa.

Na ɗauki sandata da tabarma, na hau okada sai Azuba. Kowa ya san uba ba ya zaman ƙofar suruki. Tunda aka kai Rabi'a gidan nan, in ba suna ba ban taɓa takawa ba, ko sunan ma daga waje nake yin addu'a in juya. Ran nan na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ƙofar, na zauna, na gicciye sanda a cinya. Abdulnasir ya fito ya gan ni, ya tuɓe takalmi, ya rasa inda zai sa kansa.

"Baba, don Allah ka shigo ciki, mutane na kallo."

"Su kalla. Koma shagonka."

Bayan la'asar bas ta tsaya. Indo ce a gaba, sa'ata ce, tun muna yara ba ma shiri. Idonta har ya riga ya yi ja, tun a mota ta fara.

"Malam Ashemi? Lafiya? Ko gidanka ne ya rushe ka dawo ƙofar suruki?"

"Gidana na nan daram, Indo. Me kuka kawo?"

"Mun zo mu yafi juna da yarinya."

"Wa ya ce miki tafiya za ta yi?"

"Baya fa za a yanka! Ko a Adogi akwai matar da aka..."

"Mayar da matar Adogi cikin mota. Ba ta da wurin zama a nan."

Wata daga baya ta ɗaga murya, wai dama tana so ta ji ko za a ba ta aron duron Rabi'a, kafin a ga abin da Allah zai yi. Kun ji fa! Mutum na numfashi a ɗaki ana rabon duronsa a titi. Na miƙe tsaye. 'Yan okada suka fara tsayawa, maƙwabta suka fito. Wani Ɗanliti, ƙanen Indo, ya ce tsoho ya zubar da girmansa a ƙofar yaro. Na ce masa girman nawa ne, in na ga dama in shimfiɗa shi in zauna a kai.

Sai Indo ta matso, ta rage murya. "Ashemi, kai musulmi ne. In Allah ya karɓi ranta a ƙarƙashin wuƙa da haƙƙin wani a wuyanta, kai za ka amsa mata?"

Ni ban ce yafiya haramun ce ba, ban taɓa faɗa ba. Abin da na sani shi ne na ga yadda ake yin ta, na ga kuma abin da ta bari a gadon kusa da nawa. Amma wannan ba amsa ba ce da za a ba Indo a gaban jama'a. Na riƙe sanda da hannu biyu na ce, "Ba za ku shiga ba."

"Baba."

Na waiga. Rabi'a ce, ta biyo bango tana jan ƙafa har zaure. Ta dubi taron nan, na ga fuskarta ta canza. Na ce shi ke nan, sun gama da ita. Sai na ga ta dafa ƙirji, ta ja numfashi a hankali, ta sake, ta kuma ja. Ta ɗago kai.

"Baba, ka bar su su shigo."

Kamar ta watsa mini ruwan zafi. Ni da na zubar da mutuncina a titi saboda ita!

"Goggo ta yi gaskiya," in ji ta. "Ni ma ina so a yafe mini, in yafe. Sannunku da hanya, Goggo. Amma don Allah abu biyu nake roƙo. Kada wanda ya ba ni labarin wani da aka yanka, na ji isasshe. Sannan likita ya ce bayan aiki sai na riƙa takawa kullum, ko da zafi, kuma ba zan iya ni kaɗai ba. Duk wadda ta ce ta yafe mini, ta gaya mini ranar da za ta zo ta riƙe hannuna mu taka zuwa bakin titi."

Indo ta riƙe haɓa. "Wannan kuma wace irin yafiya ce mai sharaɗi?"

"Irin ta mai dawowa ce, Goggo, in Allah ya yarda. Durona kuma a bar mini abina, ina da shanshera a ɗaki."

Na janye tabarma, ba don Indo ba. Amma na bi su ciki, na zauna a bakin ƙofar ɗaki da sandata, tunda dai kunyar ta riga ta zube. Aka fara. "Na yafe miki, ni Talata zan zo." "Ni ma na yafe, amma Talata tawa ce, ke ɗauki Laraba, ba ki da kasuwa." Wata tsohuwa ta manta ta soma, "Ai akwai wani a Doma..." Na buga sanda a ƙasa. Ta haɗiye sauran. Kafin magariba gardamar ranaku ta koma wasa da dariya, har ana tsokanar Ɗanliti wai shi a goye za a kai shi titin. Ba wanda ya yi kuka sai Indo, ita kuwa ko a biki kuka take yi.

Aka yi aiki. Zafi ya zo, ba zan ce bai zo ba. Washegari Rabi'a ta kira ni a waya ta ce, "Baba, ƙarfen nan naka ya iso." Na ce, "Akwai bango kusa?" Ta ce akwai. Na ce, "To, bi shi." Da aka sallamo ta, matan Adogi suka riƙa zuwa kamar yadda suka ɗauka, wasu suka gaji suka daina. Wadda ba ta taɓa fashi ba, abin haushi, Indo ce. Ta zo ta riƙe hannun yarinya har bakin titi, tana tafe tana zagina.

Yau Rabi'a a miƙe take tafiya. Ba ta ɗaga jiƙaƙƙiyar shinkafa, likita ya hana, tana tsaye ne tana sa a ɗaga, kuma guminta bai canza ba. In hadari ya haɗu takan dafa ƙugu ta ce, "Baƙon Baba ya zo gaisuwa," ta ci gaba da juya shanya. Ba matashi a hammatarta.

To, yanzu ku ji rabon yabo. Allah ne ya ba da lafiya, wannan ba gardama. Bayan Shi, likita ya ce wuƙarsa ce. Abdulnasir ya ce Madam Doose ce, har doya ya kai mata. Indo na yawo a Adogi tana cewa yafiyarta ce da ƙafarta. Madam ɗin kanta, da na tare ta na ce ta faɗi gaskiya, sai ta yi murmushi ta ce Rabi'a ce ta yi aikin. Ni fa? Ni abin da na samu suna ne. Yaran kasuwa in sun gan ni sai su ce, "Mai gadin suruki, ina sanda?" Ɗanliti har yau ba ya amsa sallamata. Mutumin da ya ga abin nan tun ana kife doya a Akwanga, wanda ya ba da bangon da aka bi, wanda ya tsaya a ƙofa har yarinya ta samu lokacin jan numfashinta, shi ne abin dariya.

Duk wanda ya ce ƙarya nake yi, ko malami ne ko ɗan boko, ina nan kasuwar doya kullum da hantsi, gindin mangwaro. Ya zo in ɗaga masa riga ya sa yatsa a tabon. Daga nan mu kama hanyar Azuba a ƙafa, ba okada, ba keke, ya je ya ga Rabi'a tsaye a kan duronta. Sai mu gani, tsakanin ni da aka yanka da shi da ba a yanka ba, wa zai fara neman wurin zama.